Hadda Ba Ita Ce Matsalar Ba: Dabarun Riƙe Karatun Littattafan Sakandare a Batsari da Safana

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta yadda tsangayu ke riƙe karatu da abin da gwaje-gwajen masana ƙwaƙwalwa suka nuna game da tunawa da mantuwa. Ta gano cewa dabarar da ta fi inganci, wato rufe littafi a zaƙulo karatu da ka, tsohuwar al'ada ce a Batsari da Safana, amma ɗalibin boko yakan ajiye ta a ƙofar aji.

Gabatarwa

Ɗalibin sakandare a Batsari ko Safana ba ya da tabbacin zangon karatu cikakke. Ƙananan hukumomin biyu na maƙwabtaka da Dajin Rugu, kuma hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama. Bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, gwamnatin jihar, ƙarƙashin Aminu Bello Masari, ta rufe makarantun kwana. A Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan biyu. Duk da haka, takardar WAEC da NECO ɗaya ce da ta yaron Legas. Saboda haka tambayar yadda zai riƙe abin da ya karanta a ɗan lokacin da littafi ke hannunsa ba ƙaramar tambaya ba ce.

Waiwaye

Akwai ra'ayin da ke cewa hadda ce ke dusashe basirar yaran Arewa. Masu wannan ra'ayi sukan jingina da Paulo Freire, wanda a littafinsa da ya fito da Turanci a 1970 ya soki ilimin da ake ɗura wa ɗalibi kamar ajiyar banki. Sukar tasa tana da tushe, amma waɗanda suka ɗauke ta a nan sun yi kuɗin goro. Sun haɗa abu biyu mabambanta: maimaita karanta shafi ido na kansa, da biya karatu bayan an kawar da shafin. Na farkon ne mai ƙarancin amfani, kuma shi ne abin da ɗaliban boko suka fi yi daren jarrabawa.

Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan karatu. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabaru goma, biyu kaɗai suka samu babban matsayi: gwada kai da rarraba bita. Jan layi da maimaita karatu suna ƙasa.

Hanyar Bincike

An bi hanyar kwatance: an jera matakan karatun allo, an duba kowanne da sakamakon gwaje-gwajen da aka wallafa.

Sakamako

Gwajin da ya fi haska batun shi ne na Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka. Rukuni ɗaya ya yi zama huɗu yana karanta gajeren rubutu. Ɗayan ya yi zama guda, sannan sau uku aka ba shi farar takarda ya rubuta abin da ya tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne kan gaba, da kashi 83 cikin ɗari, ɗaya rukunin na da 71. Bayan mako guda labari ya sha bamban: masu maimaitawa sun sauko zuwa 40, masu rubutawa da ka suna da 61. Abin tausayi, masu maimaitawar ne suka fi amanna cewa karatun ya zauna.

Wanda ya taɓa zama gaban alaramma zai gane wannan farar takarda. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya wa malam. Gardin da ya haddace yakan yi satu, ya rubuta daga ka, sannan a zauna darasu a gyara masa kure har ɗigo da wasali. Tilawa kuma ba a tara ta dare ɗaya. Ana yin ta da asuba, da yamma, da dare, kuma tsohon karatu na dawowa a kai a kai. Gwada kai ke nan, da gyara nan take, da rarraba bita, duk a tsari guda.

Ga yadda hakan zai kasance da littafin sinadarai na Ababio. Ɗaliba ta karanta sashe ɗaya, ta rufe, ta rubuta abin da ta tuna, ko da Hausa ne, ta buɗe ta ga inda ta ɓata. Gobe ta sake ba tare da dubawa ba, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako. Idan su biyu ne, ɗaya ta riƙe littafin tana tambaya, kamar yadda ake sauraron hadda. Dabarar ba ta buƙatar wuta ko intanet, kuma ta fi dacewa da wanda aron littafin ya yi: ranar da mai shi ya karɓe, bita ba za ta tsaya ba. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya, duk a Dutsin-Ma kusa da Safana, su ne suka fi cancanta su koya wa malamai wannan.

Iyakokin Bincike

Gaskiya ne gwajin Roediger da Karpicke ɗaliban jami'a aka yi wa, masu karatu da harshen da suka ƙware a kai, kuma maƙalar ba ta gudanar da nata gwajin a ajujuwan yankin ba. Gaskiya ne kuma haddar Alƙur'ani lafazi take kiyayewa, alhali tambayar kimiyya fahimta take nema, shi ya sa aka ce ɗalibar ta rubuta da kalmominta. Yaron da Turancin shafin ya gagare shi sai an fara yi masa bayani da Hausa, domin bai samu abin da zai zaƙulo ba tukuna.