Tsakanin Ranar Sallama da Ranar Biya: Tarihin Fansho a Kudancin Kaduna

Duk wanda ya san Kafanchan ya san reluwe ce ta raya garin. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya mai da shi mahaɗa, inda hanya ta rabu zuwa Kaduna da Jos. Samari daga ƙasar Kataf da Kagoro da Jaba suka ajiye fartanya suka karɓi aikin albashi, bisa alkawarin cewa hukuma za ta riƙe su idan ƙarfi ya ƙare. Wannan maƙala za ta bi sawun alkawarin nan ne, musamman shekarun da aka gindaya kafin mutum ya ɗanɗani guminsa.

Turawan mulki sun kafa dokar fansho a 1951, suka mayar da aikinta baya zuwa Janairun 1946. A wancan tsari fansho alfarma ce da Gwamna ke iya bayarwa ko ya hana. Dokar soja mai lamba 102 ta 1979 ita ta tattara ƙa'idojin wuri guda, kuma a ƙarƙashinta wanda ya ajiye aiki da kansa sai ya cika shekara 45 kafin a fara biyansa. Gwamnati ita kaɗai ke ɗaukar nauyin kuɗin, wato idan baitulmali ya bushe, tsoho ya kwana da yunwa. Haka kuwa aka yi. Da harkar jiragen ƙasa ta durƙushe a shekarun 1980 da 1990, tsofaffin ma'aikatan reluwe suka riƙa bin bashin fanshon watanni masu yawa, wasu har ƙasa ta rufe idonsu ba su karɓa ba.

Gyaran da gwamnatin Obasanjo ta yi a 2004 ya kawo tsarin karo-karo, ma'aikaci da mai ba shi aiki kowa ya zuba kashi 7.5 cikin ɗari, sannan dokar 2014 ta mai da shi kashi 8 da kashi 10. Sai dai an ɗaga shekarun taɓa asusun zuwa 50. Wanda aka sallama kafin nan, in ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, kashi ɗaya bisa huɗu kawai zai iya cira, sauran kuwa sai kallo, kamar kura ta ga nama a rataye.

A nan ne gizo ke saƙar. Ƙa'idar aikin gwamnati ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, amma hukuma ba ta cika jiran wa'adin ba. Jihar Kaduna ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar 2017, a 2021 kuma ta sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, abin da ya jawo yajin aikin ƙungiyar ƙwadago a watan Mayu. Malamin da ke koyarwa a Samaru Kataf yana da shekara 42 lokacin da takarda ta same shi, shekara takwas ke gabansa kafin kuɗinsa su zama nasa, ga kuɗin makarantar yara, ga takin zamani.

Mu malaman jami'a, a gaskiya, bakinmu da ɗan nauyi a wannan magana, domin tun 2012 aka ƙara wa farfesoshi wa'adi zuwa shekara 70. Malaman firamare da sakandare ma an ba su 65 a dokar tarayya ta 2022, shekara huɗu bayan waɗancan dubbai sun riga sun koma gona.