Banaras: Tsohon Gari Mai Sabon Dutse

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya taɓa ganin Banaras ko da bai riƙe sunan ba: matakalar dutse tana gangarawa cikin babban kogi, mutane tsaye a ruwa har ƙugu suna fuskantar gabas, hayaƙi yana tashi daga can gefe. Shi ne garin da hukuma ke kira Varanasi tun 1956, masu ibada kuma suka fi son kiransa Kashi, birnin haske. Yana gaɓar kogin Ganga a jihar Uttar Pradesh, daidai inda kogin ya karkata ya nufi arewa. Hajar da masu harkar yawon buɗe ido ke tallata shi da ita guda ce, wato tsufa. Za a tashi baƙo da asuba, a sa shi a kwale-kwale, a ce masa abin da yake gani bai sauya ba tun shekaru dubbai.

Rabin maganar gaskiya ne. Tonon da masana suka yi a Rajghat, a arewacin garin, ya nuna akwai mazauna tun wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya. A Sarnath, tazarar kilomita 10, Buddha ya yi wa'azinsa na farko, kuma matafiyin Sin Xuanzang ya tarar da gari cike da masu bautar Shiva a ƙarni na 7. Amma duwatsun da baƙon ke ɗauka a hoto labarinsu daban. Matakalan nan da ake kira ghat, sama da 80, da gidajen sarautar da ke tsaye a kansu, mafi yawansu ginin ƙarni na 18 ne zuwa sama. Garin ya tsufa, fuskarsa kuwa ba ta cika shekara 300 ba, kuma dalilin haka shi ne ainihin tarihin wurin.

Abin da ke kawo mutane dai bai canza ba. A aƙidar Hindu rai yana mutuwa ana sake haifarsa, ba iyaka, har sai ya sami kuɓuta, wadda suke kira moksha. Sun yi imani cewa wanda ajali ya riska a Kashi ya fita daga wannan kewayen, domin Shiva da kansa zai raɗa masa kalmar tsira a kunne. Saboda haka akwai masu zuwa wanka, akwai masu kawo tokar iyayensu, akwai kuma masu zuwa jiran mutuwa. Gidan Mukti Bhawan, da aka buɗe a 1958, don waɗannan aka yi shi: ana ba mutum ɗaki na kimanin mako biyu, in rai bai yi halinsa ba a nemi ya ba wani wuri. A kan wannan imani aka gina sana'o'i na gado. Akwai panda, malamin Brahmin da ke tarbar maziyarta, aikinsa ya yi kama da na muɗawwifin Makka a zamanin da. Yana riƙe da littafin sunayen kakannin mutum da suka zo kafin shi, kuma da shi yake kafa hujjar cewa wannan iyalin nasa ne. Akwai Mallah masu kwale-kwale. Akwai Dom, waɗanda tsarin jinsi ya jefa can ƙasa, amma su ke riƙe da wutar da ake ƙona gawa, kuma sai da hannunsu mai dukiya da sarauta zai bar duniya.

Gari mai irin wannan daraja ba ya tsira daga masu mulki. A 1194 rundunar Muhammad Ghuri ta kayar da Jayachandra, sarkin daular Gahadavala, aka rushe ɗakunan bauta masu yawa. An sake ginawa, an sake rushewa. A zamanin Akbar iska ta juya: ya soke harajin maziyarta a 1563, kuma wajen 1585 aka sake gina ɗakin bautar Vishwanath, mafi tsarki a garin, da ƙoƙarin malami Narayana Bhatta da tallafin gidan Todar Mal, mai kula da kuɗin daular. A 1657 Yarima Dara Shikoh ya kammala fassara littattafan Upanishad zuwa Farisanci tare da malaman Banaras. Shekara biyu bayan haka ƙaninsa Aurangzeb ya sa aka kashe shi.

A nan ne masu son tarihi mai launi ɗaya ke shan wahala. A 1659 Aurangzeb ya aika wa hakimansa takardar umarni cewa kada a takura wa Brahmin na Banaras, kada a taɓa tsofaffin wuraren bautarsu, ko da yake ya hana gina sababbi. Takardar tana nan har yau. A 1669 shi ɗin dai ya ba da umarnin rushe Vishwanath, kuma a kan wurin aka gina masallacin Gyanvapi, wanda bangonsa na yamma har yanzu na tsohon ginin ne. Haka aka yi da Bindu Madhav, wanda ɗan kasuwar Faransa Tavernier ya gani ya siffanta a 1665. Masallacin Alamgir ne yanzu a gurbinsa, yana kallon kogi daga tudu. Wasu masana suna danganta rushewar da siyasa, suna cewa horo ne ga manyan gari da aka zarga da goyon bayan abokan gaba, wasu suna ganin tsantsar aƙida ce. A ganina wanda ya ɓoye ɗaya daga cikin umarnin biyu don ya ci gardama bai yi wa kowa adalci ba, kuma ɓangarorin biyu suna yin haka.

Da daular Mughal ta yi rauni, sai sarakunan Maratha daga yammacin Indiya suka zubo dukiya. Gina matakala a Kashi lada ne, kuma shaida ce ta cewa sarauta ta kafu. Su da sarakunan Rajput da na wasu ƙasashe suka jera gidaje a gaɓar, kowa da sunansa a kan nasa. Sarauniyar Indore, Ahilyabai Holkar, ita ta gina Vishwanath na yanzu wajen 1780, ba a kan tsohon gurbi ba, a maƙwabtaka da masallacin. A shekarun 1830 Ranjit Singh na Punjab, wanda mabiyin addinin Sikh ne, ya ba da zinariyar da aka lulluɓe samansa.

Shi kansa kallon gari daga kwale-kwale yana da tarihi. Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya karɓi ikon Banaras a 1775, kuma a 1781 Warren Hastings sai da ya tsere daga garin da dare lokacin da ya yi yunƙurin tsare Raja Chait Singh. Bayan ƙura ta lafa, masu zane na Ingila suka fara zana gaɓar daga tsakiyar ruwa, inda ba cunkoso, ba wari, ba mai taɓa ka. Zanen James Prinsep na farkon shekarun 1830 ya yaɗu a Turai, ya koya wa baƙi inda za su tsaya da abin da za su gani. Gadar jirgin ƙasa ta 1887 ta ƙara yawan maziyarta. Mark Twain ya zo a 1896 ya yi wa tsufan garin barkwanci. Gandhi kuwa ta lungu ya bi, kuma a jawabinsa na buɗe Jami'ar Hindu ta Banaras a 1916 ya koka da ƙazantar hanyoyin ɗakin bautar a gaban sarakuna. Hatta bikin fitilu na maraice a Dashashwamedh, wanda kowane baƙo ke ɗauka a waya, a tsarinsa na yanzu na samari masu kaya iri ɗaya suna juyi tare, ɗan shekarun 1990 ne.

A Manikarnika ne bambancin mai ibada da mai kallo ke fitowa fili. Wuta ba ta mutuwa dare da rana, an tara itace kamar tsauni, ana auna shi a sikeli, babban ɗa ya aske kai ya sa farin ƙyalle ya cinna wa mahaifinsa wuta. An hana ɗaukar hoto, amma kwale-kwale yakan rage gudu a daidai wurin. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san yadda zai ji in baƙo ya tsaya a bakin maƙabarta yana ɗaukar masu binne mahaifiyarsa.

Abin da jagororin baƙi suka fi tsallakewa shi ne cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen garin Musulmi ne. Mafi yawan masaƙan sari na alharini mai zaren zinariya, wanda amaren Hindu ke ɗaurawa ranar aure, daga cikinsu suke. Kabir, mawaƙin ƙarni na 15, a gidan masaƙa Musulmi ya tashi, kuma ana ba da labarin cewa da ya ji mutuwa ta matso sai ya bar Kashi da gangan ya tafi Maghar, don ya ƙaryata cewa wuri ke ba da tsira. Bismillah Khan, mai busa shehnai, 'yar'uwar algaitarmu, ya koyi busa a ɗakunan bautar gaɓar kogin yana kuma kiyaye sallarsa, har ya rasu a 2006.

Wannan zaman tare shi ne yau a gaban alƙalai. Dokar 1991 ta ce kowane wurin ibada ya zauna yadda yake ranar 15 ga Agusta 1947, ban da na Ayodhya, inda aka rushe masallacin Babri a Disamban 1992. Narendra Modi yana wakiltar Varanasi a majalisa tun 2014, kuma a Disamban 2021 ya buɗe faffaɗar farfajiya daga kogi zuwa Vishwanath, bayan an saye an rushe ɗaruruwan tsofaffin gidaje. A 2022 kotu ta sa aka rufe wurin alwalar Gyanvapi, bayan masu ƙara sun ce an ga alamar Shiva a ciki, kwamitin masallaci kuma ya ce maɓuɓɓugar ruwa ce. A Janairun 2024 aka ba da izinin yin bautar Hindu a wani ɗaki na ƙarƙashin masallacin, ana kuma ci gaba da salla a sama. Baƙon da ya sauka daga kwale-kwale ya hau sabuwar farfajiyar zai ajiye wayarsa a ƙofa, a caje shi, ya shiga layi. Daga inda yake tsaye zai ga zinariyar Ranjit Singh a gefe guda, a ɗaya gefen kuma fararen ƙubbobi uku a bayan shingen ƙarfe, da 'yan sanda masu bindiga a tsakani.