Ciwon Kan Gajiya a Ƙasar Daura: Daga Ƙaho Zuwa Ƙwaya

Tun zamanin da mutanen Daura ke jan ruwa a rijiyar Kusugu, akwai wani irin ciwon kai wanda manomi da ɗan dako da mai ɗaukar tulu suka sani. Shi ne wanda mutum kan ji kamar an naɗa masa rawani an tsananta ɗauri. Ya kan kama goshi da ƙeya, ya sauko wuya, amma ba ya zuwa da amai, ba safai kuma ya kan kwantar da mutum ba. Bari mu kira shi ciwon kan gajiya.

A da, in ya taso, sai a ɗaure kai da tsumma, ko a je wurin malam a karɓo rubutun sha. In ya ƙi tafiya, sai a kira wanzami ya kafa ƙaho a ƙeya, ya tsaga da aska, ya zuƙo jini. Mutanen da sun ɗauka mataccen jini ne ya taru a nan. Likitoci kuwa sun gano ba laifin jini ba ne. Sau da yawa naman wuya da na kafaɗa ne ke ɗaurewa, saboda gajiya, ko damuwa, ko rashin barci, ko yunwa da ƙishirwa. Ashe wanzami ya gane wurin ciwo, dalili ne ya kuɓuce masa. Ga shi kuma aska ɗaya a jikin mutane da yawa ta kan yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

A zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, maganin asibiti ya shigo ƙasar, talakawa suka san ƙwaya. Asfirin dai kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da shi a 1899, Panadol kuwa ya fito a Ingila a 1956. Sannu a hankali ƙwaya ta bar ɗakin shan magani ta shiga kasuwa, har ya zama ana samunta a Zango da Baure da Mai'aduwa kamar goro.

To, a nan wata sabuwar wahala ta ɓullo. Wanda ya mai da ƙwayar ciwon kai abin sha na kullum, watau kwana 15 ko fiye a wata, har watanni suka shuɗe, ita kanta ta kan koma tana jawo masa ciwon. Asfirin kuma ya kan ci ciki, ba a kuwa ba yara shi.

Saboda haka, mai karatu, in kanka ya ɗaure, fara da abin da ba ya cin kuɗi. Sauke kaya, ka shiga inuwa, ka sha ruwa, ka ci abinci, a gasa maka wuya da tsumma mai ɗumi, ka sami barci. In ta kama, ka sha ƙwaya bisa ƙa'ida.

Amma ka lura, ba kowane ciwon kai ne na gajiya ba. A 1996 sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, galibinsu a Arewa. In ciwon ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko ya kama mace mai ciki, kada a tsaya neman ƙaho ko ƙwaya, a tafi asibiti nan da nan. Allah ya ba mu lafiya, amin.