Yadda attajirai ke sa baki wajen ɗaukar kocin ƙwallon kwando a jami'o'i

A ƙa'ida, ɗaukar mai horar da ƙungiyar ƙwallon kwando a jami'ar Amurka aikin daraktan wasanni ne, sai shugaban jami'a da majalisar gudanarwa su amince. A aikace kuwa akwai wani rukuni da ba ya riƙe da muƙami, amma da wuya a yanke hukunci ba a ji ta bakinsa ba: attajiran da ke zuba gudummawa a sashen wasanni, waɗanda akasarinsu tsoffin ɗalibai ne ko manyan 'yan kasuwar jihar.

Dalilin da kujerar ke da tsada

Wasannin jami'o'i a Amurka suna ƙarƙashin hukumar NCAA, wadda aka kafa a 1906. Gasar ƙwallon kwando ta maza da take shiryawa a watan Maris ita ce babbar hanyar samun kuɗinta. A 2016 ta sabunta yarjejeniyar nuna gasar da kamfanonin talabijin na CBS da Turner a kan dala biliyan 8.8 na tsawon shekara takwas, zuwa 2032.

Jami'ar da ƙungiyarta ke cin wasa tana samun suna, da cinikin tikiti, da ƙarin masu neman gurbin karatu. Shi ya sa albashin koci a manyan jami'o'i ya ninka na shugaban jami'ar sau da yawa. Kuɗin makaranta da kason gwamnati ba sa ɗaukar wannan nauyi, don haka ake komawa ga masu hannu da shuni.

Ƙofofi uku da suke shiga

Ta farko ita ce kuɗin sallama. Kwantiragin koci kan tanadi cewa idan aka kore shi kafin wa'adi, za a biya shi wani kaso mai tsoka na abin da ya rage. Lokacin da Jami'ar Indiana ta sallami Archie Miller a watan Maris na 2021, kuɗin sallamar ya haura dala miliyan 10, kuma jami'ar da kanta ta bayyana cewa masu ba da gudummawa ne suka ɗauki nauyin. Ma'ana, da ba su buɗe aljihu ba, da sallamar ta yi wuya.

Ta biyu ita ce gine-gine. Bud Walton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Walmart, ya ba da dala miliyan 15 wajen gina zauren wasa na Jami'ar Arkansas da aka buɗe a 1993, kuma sunansa zauren ke ɗauke da shi. A 2006 attajirin mai T. Boone Pickens ya bai wa sashen wasanni na Jami'ar Jihar Oklahoma dala miliyan 165. Wanda ya gina zaure ba ya buƙatar kujera a kwamiti kafin a ɗaga wayarsa.

Ta uku sabuwa ce, wato kuɗin 'yan wasa. Daga 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa ɗalibai 'yan wasa karɓar kuɗi ta hanyar talla da sunansu da hotonsu. Nan take attajirai suka kafa asusun haɗin gwiwa a kusan kowace babbar jami'a. A watan Yunin 2025 kuma wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Yanzu koci kafin ya karɓi aiki yakan tambayi nawa aka tanada don sayo 'yan wasa, kuma amsar tana hannun attajiran.

Misalin Calipari

John Calipari ya horar da Jami'ar Kentucky daga 2009 zuwa 2024, ya kuma ci mata kofin ƙasa a 2012. A watan Maris na 2024 ƙaramar Jami'ar Oakland ta fitar da Kentucky a zagayen farko na gasar, magoya baya suka fara kiran a kore shi. Sai dai korar za ta ci wa jami'ar fiye da dala miliyan 30, don haka aka bar shi.

Bayan 'yan makonni kujerar Arkansas ta zama babu kowa, domin Eric Musselman ya koma wata jami'a a Kalifoniya. A nan ne John Tyson, shugaban kamfanin sarrafa nama na Tyson Foods mai hedikwata a jihar, wanda tsohon abokin Calipari ne, ya shiga tsakani ya haɗa shi da daraktan wasanni Hunter Yurachek. A watan Afrilu Calipari ya sanya hannu a kwantiragin shekara biyar mai albashin da ya fara daga dala miliyan 7 a shekara. Jami'a ce ta sa hannu a takarda, amma abota da dukiyar mutum guda ne suka share hanya.

Inda haɗarin yake

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A shekarar 2000 Phil Knight, wanda ya kafa kamfanin Nike tare da abokinsa, ya janye gudummawar kimanin dala miliyan 30 da ya shirya bai wa Jami'ar Oregon, saboda ta shiga wata ƙungiyar sa ido kan haƙƙin ma'aikatan masana'antu. Daga baya jami'ar ta fice daga ƙungiyar, shi kuma ya ci gaba da bayarwa.

Akwai kuma abin da ya faru a Jami'ar Michigan, inda aka gano wani mai goyon bayan ƙungiyar, Ed Martin, ya bai wa 'yan wasa huɗu dala 616,000 a asirce. A 2002 jami'ar ta soke nasarorin shekarun da abin ya shafa, ta sauke tutocin girmamawa na 1992 da 1993. Dokar NCAA ta ɗora wa jami'a alhakin duk abin da irin waɗannan mutane suka aikata da sunanta. Attajiri na iya tafiyarsa, makaranta ce ke zama da hukuncin.

Yadda abin yake a gida

A Najeriya wasannin jami'o'i na ƙarƙashin NUGA, wadda ta fara gasa a Ibadan a 1966. Babu cinikin talabijin irin na Amurka, kuma koci ma'aikacin jami'a ne mai albashi kamar kowa. Duk da haka an ga abin da koci nagari ke haifarwa idan aka bar shi ya daɗe: Ba'amurke Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma cikin waɗanda suka taso a hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019.

A nan gwamnati ce ke tsaye a matsayin attajirin. Kano Pillars, ta ƙwallon ƙafa da ta kwando, mallakar gwamnatin jiha ce, don haka sauyin gwamnati kan zo da sauyin hukumar gudanarwa, ita kuma ta taɓa masu horarwa. A matakin ƙasa, rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta NBBF ya fito fili a watan Yunin 2017, lokacin da aka yi zaɓe biyu: ɗaya a Kano da ya ba Tijjani Umar, ɗaya a Abuja da ya ba Musa Kida. Rikicin ya ja har 2022, inda gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga gasannin duniya. Ko da yake an janye matakin bayan 'yan makonni, ƙungiyar mata ta D'Tigress ta riga ta rasa gurbinta a gasar cin kofin duniya, aka bai wa Mali.

A ƙananan hukumomi irin su Minjibir, inda ƙwallon ƙafa ta fi ta kwando karɓuwa, tsarin ɗaya ne sai dai ƙanƙanta. Ƙungiyar matasa takan dogara da uban ƙungiya, ɗan kasuwa ko ɗan siyasa, mai sayen riguna da ƙwallo da biyan kuɗin mota. Idan ya ce ga wanda yake so ya horar, ba kasafai ake musa masa ba, domin babu rubutaccen kwantiragi, babu kuma wani asusun da za a koma wa idan ya yi fushi.

Abin lura ga makarantu da ƙungiyoyi

Gudummawa ba laifi ba ce, kuma babu wasan da ke tsayawa ba kuɗi. Abin da ke kare makaranta ko ƙungiya abu uku ne: a rubuta sharuɗɗan kowace gudummawa tun kafin a karɓa, a bar zaɓen koci a hannun kwamitin da za a iya tuhuma idan ya yi kuskure, sannan a yawaita masu bayarwa don kada numfashin ƙungiya ya rataya a aljihun mutum ɗaya. Inda aka rasa waɗannan, kocin da aka ɗauka ba zai san ko wa yake yi wa aiki ba, makaranta ko mai kuɗin.