Javier Clemente

Javier Clemente Lázaro (an haife shi ranar 12 ga watan Maris, 1950) tsohon ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne kuma mai horaswa ɗan ƙasar Sifaniya. Ya buga wasan tsakiya a ƙungiyar Athletic Bilbao har rauni ya raba shi da fili tun yana matashi, sannan ya koma aikin koci. Ya ci gasar La Liga sau biyu a jere da Athletic, ya jagoranci tawagar ƙasar Sifaniya daga 1992 zuwa 1998, daga baya kuma ya horar da Sabiya da Kamaru da Libiya. A Najeriya an fi tunawa da shi a matsayin kocin Sifaniya da Super Eagles ta doke da ci 3-2 a Gasar Kofin Duniya ta 1998.

Farkon rayuwa da wasa

An haifi Clemente a Barakaldo, wani garin masana'antu da ke gefen birnin Bilbao a yankin Basque na arewacin Sifaniya. Ya taso a ƙungiyar matasa ta Athletic Bilbao, kulob ɗin da ya yi suna wajen ɗaukar 'yan asalin yankin Basque kaɗai ko waɗanda suka koyi ƙwallo a can. Ya shiga babbar ƙungiyar a 1968 yana da shekara 18, kuma yana cikin waɗanda suka ci kofin ƙalubale na ƙasar a 1969.

A watan Nuwamban 1969 aka karya masa ƙafa a wasan da suka yi da Sabadell. An yi masa tiyata sau da dama, ya yi ta ƙoƙarin dawowa, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Wasannin La Liga da ya buga ba su kai 50 ba, kuma ya ajiye takalmansa a tsakiyar shekarun 1970 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Athletic Bilbao

Clemente ya fara horaswa a ƙananan ƙungiyoyin yankinsu, Arenas de Getxo da Basconia, sannan ya karɓi ƙungiya ta biyu ta Athletic. A 1981 aka damƙa masa babbar ƙungiyar yana da shekara 31. Ya gina ta a kan tsaron baya mai ƙarfi, da matsa wa abokan hamayya, da saurin kai ƙwallo gaba, ya kuma dogara da matasan da ya sani tun daga ƙasa. Cikinsu akwai mai tsaron gida Andoni Zubizarreta, wanda shi ya fara ba shi dama a La Liga.

Athletic ta ɗauki kofin La Liga a kakar 1982–83, karo na farko tun 1956, ta sake ɗaukarsa a 1983–84 ta haɗa da Copa del Rey. A wannan lokacin ne gaba ta yi tsanani tsakaninsa da kocin Barcelona, César Luis Menotti, wanda ke sukar salon Athletic da cewa ƙarfi ya fi yawa a cikinsa. A watan Satumban 1983 ɗan bayan Athletic Andoni Goikoetxea ya karya wa Diego Maradona idon sawu, kuma wasan ƙarshe na Copa del Rey na 1984, wanda Athletic ta ci Barcelona 1-0, ya ƙare da dambe tsakanin 'yan wasan a filin Santiago Bernabéu. Tun daga 1984 Athletic ba ta sake cin La Liga ba. An sallame shi a watan Janairun 1986 bayan saɓani da ɗan wasan gaba Manu Sarabia.

Espanyol

Daga nan ya koma Espanyol, ya kai ta matsayi na uku a kakar 1986–87. A kakar da ta biyo baya ƙungiyar ta fitar da AC Milan da Inter Milan a gasar Kofin UEFA ta kai wasan ƙarshe. Ta ci Bayer Leverkusen 3-0 a gida, aka rama mata 3-0 a Jamus, sannan ta faɗi a bugun fenariti. Bayan haka ya ɗan riƙe Atlético Madrid, ya kuma sake komawa Athletic da Espanyol na gajeren lokaci.

Tawagar Sifaniya

An naɗa shi kocin ƙasa a 1992. Cikin wasanni 62 da ya jagoranta, shida kaɗai aka doke Sifaniya, kuma ta taɓa yin wasa 31 a jere ba a ci ta ba. Duk da haka ya sha suka a jaridun Madrid saboda ajiye fitattun 'yan Real Madrid irin su Míchel, da kuma yawan cika fili da 'yan baya. Italiya ta fitar da Sifaniya da ci 2-1 a zagayen kwata fainal na Kofin Duniya na 1994, Ingila kuma ta fitar da ita a wannan zagayen a gasar Turai ta 1996 da bugun fenariti.

Wasan Najeriya a 1998

Ranar 13 ga watan Yuni, 1998, Sifaniya ta kara da Najeriya a birnin Nantes na Faransa a wasansu na farko na rukuni. Fernando Hierro ya fara ci wa Sifaniya, Mutiu Adepoju ya farke da ka, sannan Raúl ya ƙara ta biyu jim kaɗan bayan dawowa daga hutun rabin lokaci. A minti na 73 Garba Lawal, haifaffen Kaduna, ya buga ƙwallo daga gefen hagu, Zubizarreta ya kai hannu ya tura ta cikin ragarsa. Minti biyar bayan haka Sunday Oliseh ya ɗaɗa ta daga nesa ya ba Najeriya nasara.

Clemente ya ci gaba da amfani da Zubizarreta, wanda a lokacin yake da shekara 36, duk da kiraye-kirayen a sauya shi, kuma wannan kuskuren ya ƙara wa masu sukarsa hujja. Sifaniya ta yi canjaras babu ci da Paraguay, ta lallasa Bulgeriya 6-1, amma Najeriya da Paraguay ne suka tsallake. Zubizarreta ya yi ritaya bayan gasar. A watan Satumba na shekarar tsibirin Cyprus ya doke Sifaniya 3-2, abin da ya kawo ƙarshen aikin Clemente a tawagar.

Bayan 1998 da aiki a Afirka

Ya horar da Real Betis da Real Sociedad da Marseille ta Faransa da Tenerife, ya koma Espanyol da Athletic a karo na uku, sannan ya riƙe tawagar Sabiya daga 2006 zuwa 2007. A 2010 Kamaru ta ɗauke shi, amma ta sallame shi a 2011 bayan ta kasa samun gurbi a Gasar Kofin Nahiyar Afirka ta 2012.

A 2013 ya karɓi Libiya, ƙasar da rikici ya ɗaiɗaita harkar wasanninta. Ya kai ta gasar CHAN ta 2014 a Afirka ta Kudu, wadda 'yan wasan da ke buga gasar cikin gida kaɗai ke shiga. Wasa ɗaya tak Libiya ta ci a cikin minti 90, wanda ta yi da Habasha. Ta fitar da Gabon da Zimbabwe a bugun fenariti, ta kuma doke Ghana ta wannan hanyar a wasan ƙarshe a Cape Town ranar 1 ga watan Fabrairu, 2014. Shi ne kofin nahiya na farko da babbar tawagar Libiya ta ɗauka. Najeriya, ƙarƙashin Stephen Keshi, wadda tawagarta ta haɗa da Rabiu Ali na Kano Pillars, ita ta zo ta uku.

Clemente ya bar Libiya a 2016, ya karɓi tawagar yankin Basque a 2019, sannan ya sake komawa Libiya a 2021.

Nasarori

A matsayin ɗan wasa: kofin ƙalubale na Sifaniya, 1969.

A matsayin koci: La Liga, 1982–83 da 1983–84, Copa del Rey, 1984, Supercopa, 1984, CHAN, 2014.