Gardamar Dokar Ƙwaya a Ƙasar Fotugal

A ƙarshen shekarun 1990 ƙasar Fotugal tana cikin ƙasashen Turai waɗanda ƙwayar hiroyin ta fi yi wa ɓarna. An ƙiyasta masu shanta sun kai 100,000, cikin jama'ar da ba ta wuce miliyan 10 da 'yan kai ba. A birnin Lisbon akwai wata unguwa, Casal Ventoso, inda ake cinikinta a fili da rana tsaka. Ƙanjamau kuwa tana bin allurar da mashaya ke karɓa hannu da hannu, gidajen kurkuku sun cika, ba a kuwa ga alamar sauƙi ba.

Cikin 1998 gwamnatin António Guterres, wanda daga baya ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ta naɗa kwamiti na likitoci da masana shari'a, da Alexandre Quintanilha a kan kujerar shugabanci. Cikinsu har da wani likita, João Goulão, wanda ya daɗe yana jiyyar mashaya a kudancin ƙasar. Gwamnati ta karɓi shawararsu cikin 1999, majalisa ta zartar da Doka ta 30 ta 2000, aka fara aiki da ita ran 1 ga Yuli, 2001.

Wajibi ne a bambanta abu biyu a nan, domin sau da yawa akan cuɗa su. Dokar ba ta halatta ƙwaya ba. Mai sayarwa kotu za ta hukunta shi kamar dā. Amma wanda aka kama da abin da bai wuce shan kwana 10 ba, watau kamar giram 1 na hiroyin ko giram 25 na tabar wiwi, ba a kai shi gaban alƙali. Sai a ƙwace abin, a tura shi gaban wani kwamiti na mutum uku, masana shari'a da lafiya da jin daɗin jama'a. Su ne za su duba, ko su yi masa gargaɗi, ko su ci shi tara, ko su nuna masa hanyar asibiti.

Gardama ta yi zafi ƙwarai. 'Yan hamayya suka nemi a kai maganar gaban jama'a a yi ƙuri'a. Paulo Portas, shugaban jam'iyyar CDS, ya yi kashedi cewa mashaya za su riƙa kwararowa daga ƙasashen waje. Hakan bai auku ba. To, amma abin da ya fi cancantar lura shi ne abin da ya faru cikin 2002, sa'ad da mulki ya koma hannun Durão Barroso, Portas kansa ya zama Ministan Tsaro. Ga wuƙa ga nama a hannunsu, ba su kuwa soke dokar ba. Daga nan ne ta daina zama ta jam'iyya ɗaya.

Sababbin masu kamuwa da ƙanjamau cikin mashaya sun ragu daga sama da 1,000 cikin 2001 zuwa ƙasa da 100 cikin 2012. Sai dai wanda ya jingina wannan ga doka kaɗai ya yi gaggawa. Tun 1993 aka fara musanya wa mashaya tsofaffin allurai da sababbi a kantunan magani, bayan 1999 kuma aka zuba kuɗi wajen wuraren jiyya da raba maganin metadon. Sauya doka aikin zama ɗaya ne na majalisa, biyan likita kuwa sai kowace shekara an sake yarda. Da ƙuncin kuɗi ya zo, cikin 2012 aka rushe hukumar da ke riƙe da aikin, aka rarraba jiyya ga hukumomin lafiya na yankuna, ma'aikata suka daɗe suna kukan hidima ta yi rauni.

Jihar Oregon ta Amurka ta yi koyi da Fotugal ta hanyar ƙuri'ar jama'a cikin 2020. Amma kuɗin jiyya ya yi jinkirin isa, ga kuma ƙwayar fentanil ta mamaye tituna. Cikin 2024 majalisar jihar ta mai da hukuncin ɗauri, da goyon bayan jam'iyyu biyu duka.