Insulin: Daga Ɗakin Bincike Zuwa Tukunyar Ƙasa

Tun da daɗewa mutane suka lura cewa akwai majinyacin da kiyashi ke taruwa a kan fitsarinsa. Likitocin Indiya na dā sun kira cutar fitsarin zuma, Ibn Sina ma ya yi bayaninta. Mu kuma muka kira ta ciwon suga. Amma inda cutar take tasowa a jiki ya ɓoyu ga masana har ƙarni na 19.

A bayan tumbi akwai wani ɗan nama mai tsawo da likitoci ke kira fankiriyas. A 1869 wani ɗalibi a Jamus, Paul Langerhans, ya ga wasu ƙananan tsibirai na ƙwayoyi a cikinsa, bai kuwa san aikinsu ba. A 1889 Minkowski da von Mering suka cire wa kare wannan nama, nan da nan ciwon suga ya kama shi. Sai a 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tato sinadarin a Jami'ar Toronto ta Kanada. A watan Janairun 1922 aka yi wa Leonard Thompson, yaron da ke bakin mutuwa, allurarsa, ya farfaɗo. Sinadarin shi ne insulin. A 1923 kuma aka gano abokin aikinsa, gulukagon.

Aikin nasu kamar na mai tsaron rumbu ne. Idan manomi a Kiru ya ci tuwon masara ko ya sha fura da suga, sukari na ƙaruwa a jininsa, sai insulin ya shigar da shi cikin tsoka, ragowar a ajiye a hanta. Da la'asar ɗin azumi kuwa, sukari ya yi ƙasa, sai gulukagon ya buɗe ajiyar hanta. In insulin ya ƙare, ko jiki ya daina jin umarninsa, sukari ya taru a jini, ƙishirwa da yawan fitsari da rama su biyo baya.

Da farko daga fankiriyas ɗin shanu da aladu ake samun maganin, har 1982 da aka fara sayar da irin na ɗan Adam wanda ake haɗawa a masana'anta. Sauran matsala ita ce zafi, domin insulin na son sanyi, ga bazararmu kan kai digiri 40, ga ƙauyuka da yawa a Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ba tsayayyar wuta. A nan hikimar gida ta yi rana. Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Don adana kayan miya ya yi ta, amma a ƙasashe masu zafi irin Sudan ana ajiye insulin a irin wannan tukunya.

To, 'yan uwa marubuta, a littattafanmu yaron da ke ramewa ba dalili yawanci kishiya ce ta yi masa sammu. Uwar da ta karanta haka sau goma, wurin boka za ta nufa da nata ɗan. Mu rubuta labarin da za a kai yaron asibiti a gwada jininsa, domin wanda jikinsa ya daina yin insulin ba ya daɗewa in ba a yi masa allura ba.